Tsakanin Biyu da Uku

Shekara talatin da ɗaya bango ɗaya ne tsakanin shagona da na Mai Hoto, bangon ma na katako, in na yi atishawa yana yi mini sannu. Ni tela ne. Da zare da allura na ci, da su na rufa wa iyalina asiri, kuma ban taɓa sa hannu a abin da ban sani ba sai sau ɗaya, shi ne wannan da zan faɗa. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Shagon Mai Hoto ɗaki biyu ne. A na gaba ake ɗauka. Akwai labule mai zanen gidan bene da tafki a gabansa, da kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tokare da kwali, da furen roba, da mataji ɗaure da zare domin kada ya bi wani gida, da baƙar kwat ta aro wadda na ɗinke hammatarta ya fi sau goma. Kyamara tana tsakiya a kan ƙafafunta uku. Ba ya aiki da fitilar nan mai walƙiya, ya ce tana firgita ido, hasken taga da ƙwan lantarki biyu sun ishe shi. Ɗakin baya kuwa na kwamfuta ne da injin wanke hoto. Nan autarsa take aiki tun da ta gama karatu. Mace ce cikakkiya, da mijinta da gidanta, amma har yau Auta muke ce mata.

Duk unguwar an san yadda yake ɗaukar hoto. Zai zaunar da kai, ya gyara maka wuyan riga, ya tambayi mutanen gida, sannan ya koma bayan kyamara. Ya ce, "Ɗaya." Ya ɗan dakata. "Biyu." Sai ya yi wani gyaran murya mai ƙarfi kamar ƙayar kifi ta maƙale masa, sannan ya ɗaga hannun hagu sama da yatsu uku a miƙe ya ce, "Uku." Wannan gyaran muryar ba ta taɓa fashi ba. Matarsa ta yi shekaru tana sayo masa maganin tari, likita ya leƙa maƙogwaron bai ga komai ba, har aka gaji aka bar shi da abinsa.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ni na fara lura, domin tare muke shan shayin safe a kan bencina, na ga rabin nasa a ƙasa yake ƙarewa. Tsufa baƙo ne da ba ya sallama, kuma ba a yi wa mutum albishir da zuwansa. Amma kyamara ba ta san kara ba. In yatsa ya girgiza ta lokacin dannawa, hoton dishi-dishi zai fito. Wani direba ya dawo da nasa, ya ce an ƙi karɓa a ofis domin kunne huɗu aka gan shi da su. Bayan mako biyu wata malamar makaranta ta dawo da nata.

Labari ya kai kunnen babban ɗansa, wanda muke kira Babba, ma'aikacin ofis ne mai son komai a kan tsari. Ranar Asabar ya zo ya same mu a benci.

"Baba, ka huta haka nan," in ji shi. "Shekara arba'in kana tsaye. Ka dawo gida ka zauna da jikokinka."

"Jikokin nawa ƙarata suka kai?"

"Hoto biyu aka dawo da su a wata ɗaya."

"Kai takarda nawa ka ɓata a ofis a wata ɗaya?"

"Baba, mutuncinka nake tsare maka."

Mai Hoto ya zaro makullin shago daga cikin riga, a wuyansa yake rataye da igiyar takalmi. Ya kaɗa shi a gaban fuskar ɗansa, makullin yana rawa fiye da yadda ya nufa.

"Tela, kai ne shaida. Ranar da aka dawo mini da hoto na uku wanda na ɗauka da hannuna, makullin nan nasa ne, ni kuma in je in zauna ina ƙirga kaji."

Na ce masa magana zarar bunu ce. Ya ce ya sani, shi ya sa ya zara.

Bayan kwana biyu ya tafi aski, sai ga Auta a shagona da wata doguwar baƙar waya a naɗe a hannu.

"Kawu, aiki na kawo maka."

"Ni tela ne, ba mai gyaran wuta ba."

Ta ja kujera ta zauna ba tare da na ce ta zauna ba. Ta ce in ta haɗa wayar daga kyamara zuwa kwamfuta, duk abin da kyamara take gani ita ma tana ganinsa a ɗakin baya. Za ta kulle maɓallin jikin kyamarar, ko babanta ya danna ba abin da zai faru. Za ta kashe ƙarar da kyamarar take yi in an danna, ta ce masa domin jarirai ne. Tana jin ya ce uku sai ta danna daga wurinta. Dannawar ce take girgiza kyamara, in ba dannawa ba girgiza.

"Wato shi ya yi ta danna iska," na ce.

"Shi zai zaunar da mutum, shi zai saita haske. Yatsa kawai zan ara masa."

"Bai roƙa ba."

"Ba zai taɓa roƙa ba."

"Ke yarinya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ni aka sa shaida. Kin taɓa ganin shaida ya riƙe wa ɓarawo tsani?"

"Kawu, in ya ba da makullin nan, wata nawa kake ba shi a gida?"

Mai gyaran agogon da ke tsallaken titi haka 'ya'yansa suka ɗauke shi daga shagonsa da kyakkyawar niyya, bai ga ƙarshen shekarar ba. Na tambaye ta mene ne nawa a ciki. Ta ce babanta ba ya yarda da sabon abu, amma ni na san inda ake taɓa shi.

Na kuwa sani. Da ya dawo daga aski ya ga wayar, Auta ta ce masa ta tura hoto ce kai tsaye zuwa ɗakin baya, ya ce a fitar masa da macijin nan daga shago. Sai na leƙo na ce, "Gaskiyarsa, Auta. Irin wannan na masu jini a jika ne. Mu da muka tsufa a bar mu da abin da kanmu zai ɗauka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ka yi maganar kanka. Auta, jona ta."

Wanda aka fara yi wa wannan aiki wani mai sayar da taya ne. Ina jin ƙidayar ta bango, ɗaya, biyu, gyaran murya, uku. Na bar ɗinki na zagaya kamar almakashi nake nema. Auta ta fito da hoton ta miƙa wa babanta. Ya karɓa ya kai bakin taga ya daɗe yana kallo.

"Ya yi, Baba?"

"Ya fito ras," in ji shi. "Har gashin hanci ana ƙirgawa."

Ya dubi wayar da ta bi gefen bango ta shige ƙarƙashin labulen ɗakin baya. Ya dube ni. Sannan ya ce da mai taya ya gaida gida.

Daga ranar hoto bai sake rawa ba. Mai Hoto ya shiga shelar cewa hannunsa ya warke. Ya faɗa wa wanzami, ya faɗa wa mai shayi, ya buga wa Babba waya ya ce ya nemi wani makullin ya yi ta jira. Amma wasu sababbin halaye suka fito masa. Sai ya ce biyu, ya yi gyaran murya, sannan ya bar kyamara ya je yana karkaɗe ƙurar furen roba, Auta tana can yatsa a kan maɓalli ba damar motsi. Daidai lokacin da ta buɗe kwanon abincin rana zai kira wani mai wucewa ya ce zo, hasken yau ya dace da fuskarka. Wata rana tana tsakar gidan baya tana wanke hannu ta ji ya fara ƙidaya, ta sheƙo da gudu har ta bar takalmi ɗaya a hanya, ta iske kujera ba kowa a fuskar kwamfuta.

"Baba, wa kake ɗauka?"

"Gwaji nake. Ke me ya koro ki?"

"Ba komai."

"To koma ki ɗauko takalminki."

Na ce wa Auta ruwa ba ya tsami banza. Ta ce tsufa ne kawai.

Ranar da abin ya zo kaina Talata ce. Wani mai gadin kamfani ya shigo neman hoton katin aiki, Mai Hoto ya sa masa kwat ɗin aro ya zaunar da shi, sannan ya ce ƙwan lantarki ɗaya ya yi rauni, Auta ta je bakin kasuwa ta sayo sabo yanzu yanzu. Ta ce ai sai an gama. Ya ce me zamanta zai ƙara, ita take ɗauka? Ta fita ta ƙofar gaba, ta zagayo ta baya, ta ja ni da hannun riga kamar akuya.

"Kawu, ka rufa mini asiri. Ga dogon maɓallin nan na ƙasa. In ya ce uku ka danna. Shi ke nan."

"Ni ban taɓa..."

Ta riga ta tafi. Na zauna a gaban kwamfuta da tsinin gemuna. Ga mai gadi a cikin gilashi yana kallona, sai da na sunkuyar da kai kafin na tuna ba ya ganina.

"Ɗaya," in ji Mai Hoto daga gaba. "Biyu." Gyaran murya. Sai shiru. Can ya ɗaga murya wajen bangon shagona. "Tela, yau kekenka ya yi shiru. Lafiya?"

Saura kaɗan in amsa. Na toshe bakina da hannu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ko ya fita ne," ya ce wa mai gadi. "Tsohon nan ya koyi yawo kwanan nan. Uku."

Na danna. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne a ɗage yatsa. Na danne shi da ƙarfi kamar na kama ɓera, ina jira a ce in saki. Da Auta ta dawo ta ɗage mini hannu, hoto sittin da uku na ɗauka. Ga mai gadi a zaune, ga shi yana miƙewa, ga shi yana cire kwat, ga shi yana sosa hammata. A na ƙarshe ba kowa sai fuskar Mai Hoto ta cika gilashin, ya kawo ido dab da kyamara, gira ɗaya a sama.

"Kawu, kana ganin ya sani?"

"Goge gilashi yake," na ce, na koma kan kekena. Yinin nan hannun riga biyu na ɗinka a gefe ɗaya.

Aka yi wata biyu a haka. Rana dubu ta ɓarawo. Ranar mai kaya ta zo a wata Asabar, Babba yana zaune a bencina ya kawo wa babansa magani. Sai ga matar mai gidan burodi da ambulan a hannu, mijinta yana biye da ita kamar wanda za a kai asibiti. Waɗannan biyun tun shekarar aurensu suke zuwa sau ɗaya a shekara su ɗauki hoto a kan kujerar nan, ita a zaune shi a tsaye. Na bana an ɗauke shi ranar Laraba.

Ta zazzage ambulan a kan kujera. Hoto ashirin da shida.

"Mai Hoto, zo ka duba mini. Nan, ka gani, gardama yake shirin yi mini. Nan dariya yake ɓoyewa. Nan shekarar da muka yi faɗa a hanya ce, dubi yadda yake satar kallona. To wannan na bana fa? Wane ne wannan? Kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ni ma dube ni, ido waje kamar na haɗiyi cokali."

"Ni dai ban ce komai ba," in ji mai burodi.

"Ai ba ka taɓa cewa ba." Ta miƙa wa Mai Hoto hoton. "Ya fito ras, ban ce bai fito ba. Amma ba mu ba ne. Ba zan rataya wannan a ɗakina ba."

Na leƙa ta kafaɗarsa. Gaskiya ta faɗa, labarin zuciya a tambayi fuska, waɗannan fuskokin kuwa ba labarin da suke bayarwa. Babba ya taso ya tsaya a bakin ƙofa. Ba da murna ya yi maganar ba, a hankali ya yi ta.

"Uku ke nan, Baba."

Labulen ɗakin baya ya motsa, ya koma ya tsaya.

Mai Hoto ya ciro igiyar daga wuyansa sannu a hankali, ya rataya makullin a jikin ƙusar madubi.

"Tela, matso, shaida ba ya laɓewa. Alkawari kaya ne. Amma kafin in sauke, a bar ni in yi wa mutanen nan na sallama." Ya ɗaga murya. "Auta, ki shirya injin, ina ɗauka ki wanko."

Ya zaunar da matar, ya tsayar da mijin, ya koma bayan kyamara. Sai ya yafito Babba da hannu, ya sa yatsa a baki alamar shiru, ya miƙa masa hannayensa biyu. Babba bai gane ba, amma ya riƙe su, ɗaya a kowane hannu, kamar mai koya wa yaro tafiya. Tsakaninsu da kyamara ya kai taku biyu.

"Ɗaya," in ji Mai Hoto. "Biyu." Gyaran murya. "Uku."

Na rufe ido. A ɗakin baya inji ya fara gurnani. Ba a jima ba Auta ta ɗaga labule ta fito, idonta ja, hoto a hannu. Ta yi taku biyu ta ga hannayen babanta a cikin na yayanta, ta tsaya cak.

Babba ya dubi hoton, ya dubi hannayen da yake riƙe da su. "Wa ya ɗauki wannan?"

"Abin da nake so in sani ke nan yau wata biyu," in ji Mai Hoto. "Tela, kai da ka daɗe a duniya, ko shagon nan aljanu gare shi?"

Na ce ni a ɗinki aka san ni.

"Har da ranar mai gadi?"

Na sami wani zare a bakin rigata na shiga cire shi.

Auta ta durƙusa ta faɗi komai, wayar da maɓallin da ƙarar da ta kashe. Babba ya saki hannun babansa ya juya kanta.

"Ke yanzu wata biyu kina mai da mu yara?"

"Kai ta mayar," in ji uban. "Ni tun hoton mai taya na sani. Tela, maimaita abin da na rantse a kai, kada ka rage kada ka ƙara."

Na ce, "Hoto na uku wanda ka ɗauka da hannunka."

"To wannan da aka dawo da shi, na hannuna ne?"

Matar mai burodi ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Amma Babba ɗan babansa ne, ba a kayar da shi a tsaye.

"Baba, ka ci wannan. Amma abin da ya nuna shi ne hannun ya gama. In ba haka ba me ya sa ka bar ta wata biyu?"

Mai Hoto ya ɗaga hannun damansa ya dube shi yana rawa a cikin hasken taga, kamar hannun wani ne aka ba shi ajiya.

"Ya gama," ya ce. "Na riga ku sani, tare muke kwana. Amma wa ya ce maka da hannu ake ɗaukar hoto? Ka ba ni ɗaya tak. In matar nan ta ƙi shi, ɗauki makulli, ko wane ne ya danna."

Babba ya gyaɗa kai. Mai Hoto ya kama Auta ya ja ta ɗakin baya, ya ce ni ma in biyo, ɓarayi biyu ba a raba musu shari'a. Ya saki labule, ya rage murya.

"Ke, a nawa kike dannawa?"

"A uku, Baba."

"A uku. Shekara arba'in ban taɓa ɗaukar hoto a uku ba. A uku mutum ya riga ya ɗauke numfashi, ya zare ido, ya zama gunki. Wanda ake so yana nan a biyu, lokacin da yake zaton da saura. A nan nake dannawa. Kafin in ce uku hannun dama ya koma aljihu, kowa yatsun hagu yake kallo."

Auta ta buɗe baki. "Gyaran muryar..."

"Da me kike so in rufe ƙarar kyamara? Uwarki ta shayar da ni maganin tari ya fi kwalba ɗari, ban tona ba. Kukan kurciya jawabi ne, amma ku daga ke har wannan tsohon ba mai hankali a cikinku."

"Me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba?"

"Ke kin faɗa mini? Da kin zo kin ce Baba in ara maka yatsa, da na kore ki. Na san wannan. Shi ya sa ban kore ki ba, na dai sa ki gudu ba takalmi." Ya dafa mata kai da hannun nan mai rawa. "Idon nawa, yatsan naki. In kin ji tari, kada ki jira komai."

Muka fito. Ya sake zaunar da matar, ya gyara wa mijin wuyan riga, ya tambaye shi ko har yanzu shi ke ƙona burodin safe. Matar ta ce ai wannan sai dai in ya mutu. Mai burodi ya kumbura zai kare kansa.

"Ku natsu," in ji Mai Hoto, ya ɗora hannu a kan kyamara domin idon mutane. "Ɗaya. Biyu." Ya yi gyaran muryar da ban taɓa jin mai ƙarfinta ba, har mai shayi ya leƙo. Sannan ya ɗaga yatsu uku. Su biyun suka sandare kamar kullum, ba su san an riga an gama da su ba.

Auta ta kawo hoton ta miƙa wa matar kai tsaye. Ta nisantar da shi daga ido, ta matso da shi. Babba yana tsaye kusa da ƙusar madubi, makulli yana lilo a gefen kunnensa.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ga ɗan rainin hankalin. Haka yake kallona in yana da amsa a baki yana tsoron faɗa."

"Ni dai ban ce komai ba."

Ta jera shi a bayan na bara, ta mayar da su duka ambulan, ta bar na ranar Laraba a kan kujera ta ce a ba yara su tsorata kaji da shi.

Babba ya ciro igiyar daga ƙusa. Ya juya makullin a hannu, sannan ya rataya wa babansa a wuya da kansa, ya tura shi cikin riga.

"Amma zan kawo doguwar kujera, ka riƙa zama a bayan kyamara."

"Kawo. Tela zai sami wurin hutawa in ya gaji da aikin kwamfuta."

Na ɗauka an gama, ashe da sauran hukuncina. Washegari ya ce tun da na ɗauki hoto sittin da uku a shagonsa ba izini, sai an ɗauki nawa ɗaya. Ni kuwa ba na son hoto, wanda ke katina ma kamar ana yi mini allura. Amma na ce a raina yau na san dawar garin. Na sa kwat ɗin aro, na zauna, na shirya fuskar dattako tun kafin a fara, na ƙudurta ba abin da zai motsa ta a biyu.

Ya tsaya yana gyara furen roba, bai ko je wurin kyamara ba.

"Tela, wai yaya karin maganar nan take? Wanda ya riga ka tashi, shi zai riga ka barci?"

"Kai ma ka san ba haka take ba," na ce, na ɗaga yatsa. "Wanda ya riga ka barci..."

Inji ya fara gurnani a ɗakin baya.

Hoton yana nan rataye saman madubi, baki buɗe, yatsa a sama, kwat ta karkace. Na nemi a cire, matata ta zo ta gani ta ce a wanko mata biyu.

Kada wani ya ce na tona asirin maƙwabci. Sun daɗe da sauya alama. Yana nan yana tarinsa a biyu saboda sabo, amma yanzu ba shi Auta take jira ba. Na san sabuwar alamar, bango ɗaya ne tsakaninmu. In kana son sani ka je ka zauna a kujerar.